Ruwan Gidan Siddo Ya Yi Sauri

Jama'a, yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina kewaye shi. Wasunku sun rubuto cewa a labarin nan kullum ni ne mai wayo, ni ne mai gaskiya. To ku gyara zama, ga makon da ban zama ko ɗaya daga ciki ba.

Wanda bai san ni ba, sunana Sallau, mutumin Karakara. Lokacin da abin nan ya faru shekara biyu ke nan da Nasara ya sauke tutarsa muka ɗaga tamu, ni kuwa ina gyaran kamiyo, wato manyan motocin kaya, a tashar Gaya, kan hanyar gada. Motocin gyaɗa su gangaro daga gabas za su tsallaka Dahome, wadda ta fara tari a turo mini ita. Na yi Paraku, na yi Kwatano, na kwana a ƙarƙashin mota fiye da yadda na kwana a ɗaki. Hannu kam ina da shi. Gona ce ba ni da ita, ba ni da jirgin kamun kifi, kuma wannan shi ne duk laifina a wurin dangin Bibata.

Bibata 'yar Baba Siddo ce, mai fataucin bandar kifi, wanda asalinsa Tunuga ne. Sau uku kawuna Sha'ibu yana sa babbar rigarsa ya je nema mini ita, sau uku ana tarbarsa da fura da magana mai daɗi ya dawo ba amsa. Ƙannen Baba Siddo na Tunuga cewa suke yi mai gyaran mota mutumin hanya ne, yau yana nan, gobe a ce ya bi wata mota. Suna da ɗansu masunci da suke so a duba. Shi Baba Siddo bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mutum ɗaya ce a gidan take tura maganata gaba a ɓoye, ita ce mahaifiyar Bibata, wadda kowa ke kira Nya Ajuma, don da Dandanci, yarensu, haka ake ce wa uwa.

Abin da ya buɗe mini ƙofar gidan kuwa ruwa ne.

Shekara uku kafin nan, lokacin jan ruwa, wato tsakiyar damina sa'ad da kogi ke zuwa ja kamar an dama jar ƙasa, zawo ya shiga gidan ya ɗauke musu Hama, ɗansu namiji tilo, saurayi cikakke, cikin kwana biyu. Tun daga ranar mutumin da aka haifa a bakin kogi ya koma tsoron ruwa. Duk abin da za a sha sai an tafasa. Itace na ƙarewa, ruwa na warin hayaƙi, mata na ƙorafi ƙasa-ƙasa, amma ba mai iya ce masa komai. Da wani Bature mai awon hanya zai koma ƙasarsu yana rabuwa da kayansa, mutane suka yi kan kujeru da fitilu. Baba Siddo bai dubi ko ɗaya ba. Matatar ruwan mutumin ya sa aka ɗauko masa.

Bari in siffanta muku ita, don in ba ku gane ta ba ba za ku gane laifina ba. Tukunyar ƙarfe ce doguwa kamar turmi, mai murfi. A cikinta akwai sanduna shida na farar ƙasa gasasshiya, kowanne tsawon kamu ɗaya, cikinsa fayau kamar gora. Baturen yana kiransu buji, irin sunan da muke kiran fulogin mota. Ruwan kogi ya shiga tukunyar ya kewaye su, ya ratsa ta jikin ƙasar ya bar duk ƙazantarsa a waje, ya fito ta wuyansu ya haɗu a bututu ɗaya. A gidan Bature ruwan daga kan hasumiya yake saukowa da nauyinsa, shi ya sa yake ratsawa. A gidan Baba Siddo kuwa tano ne kawai, wato gangar ƙarfe, aka ɗora kan dakalin laka. Ruwan ba shi da ƙarfin shiga. Daga hantsi zuwa azahar a samu cikin moɗa ɗaya, ɗigo-ɗigo, kamar hawayen wanda ya gaji da kuka.

Bibata ce ta ba ni labarin wata rana a kasuwa, tana dariya.

"Babana ya ajiye mana tukunya mai rowa. Yana zama gabanta yana kallo kamar za ta yi masa magana."

Na ce, "Ba rowa ba ce. Mai tura ta take nema."

Ta ce, "Kamar wasu mutane ke nan."

Na gane inda ta nufa. Amma a makon na sa wani direba abokina ya kawo mini pompo, wato famfon hannu, daga Paraku, irin mai mariƙi da ake kaiwa gaba a dawo da shi baya. Na je na durƙusa a zaure na ce wa Baba Siddo in ya yarda zan sa masa shi tsakanin tano da matata, ya riƙa danna ruwan da ƙarfi. Ya dube ni ya ce, "Shiga ka gani."

Kwana uku na yi a tsakar gidan. A lokacin ni ba kowa ba ne a wurinsu, mai gyara ne kurum, in yi sallama in shige da takalmina har gindin mangwaro inda tanon yake. Gida ne mai faɗi, ɗakuna huɗu na laka suna kallon juna, ragar banda a kusurwa, ƙamshin kifi ya kama har tufafin da ke kan igiya. Na kafa gungumen giginya na ɗaure pompon a jiki. Na ja tiyo ɗaya daga gindin tano zuwa bakinsa, wani daga shi zuwa cikin matata. Kowace mahaɗa na naɗe ta da zaren rama na shafe da man kaɗe don kada ta yi yoyo. Fatar cikin pompon ta bushe a hanya, na jiƙa ta kwana guda har ta kumbura ta kama. Nya Ajuma tana zaune nesa kaɗan tana gyaran kifi, lokaci-lokaci ta ce, "Kai, ajiye ƙarfen nan ka ci abinci, ba gudu zai yi ba." Halima, yayar Bibata, ta zo goyon ciki, cikin ya tsufa, tana kwance kan tabarma tana tsokanata wai na fi son pompon da ƙanwarta.

Rana ta uku da la'asar saura aiki ɗaya. Na cire bujin nan shida na wanke su da ruwan zafi, ina mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne wuyansa yana ratsa murfi a ɗaure shi da bulon, wato noti. Abu ne na ƙasa, da yatsa ya kamata a ɗaure shi, a ƙara masa ɗan kaɗan da kile, wato sifana, a bari. Na san haka. Biyar na yi su daidai. Ina kan na shida Bibata ta fito daga ɗaki.

Har yau in na rufe ido ina ganin ta. Zane ne baƙi na rini mai sheƙi, da riga fara mai ƙananan furanni, kallabi ruwan goro ta ɗaura shi ya karkata gefe, awarwaron azurfa biyu a hannun hagu suna taɓa juna in ta motsa. Faifai ne a hannunta za ta wuce madafa. Ta rage tafiya daidai inda nake ta ce a hankali, yadda uwarta ba za ta ji ba, "Ashe kana da ƙarfi haka?"

Hannun da ya saba ɗaure tayar kamiyo shi ya amsa mata. Na ƙara juyi ɗaya.

Ƙas.

Ƙara ce 'yar ƙarama, kamar an fasa ɓawon gyaɗa a cikin aljihu. Ba wanda ya ji sai ni. Na ji ta a tafin hannuna kafin in ji ta a kunne. Wuyan bujin ya tsage.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In buɗe murfi, in cire shi, in toshe gurbinsa da bulon da guntun robar taya, a ci gaba da biyar. Aikin da bai kai a dafa shayi ba. Amma a daidai lokacin na ji sallamar Baba Siddo, ya shigo da limamin unguwa da maƙwabta uku, ya gayyato su su ga abin mamaki. Zuciyata ta ce, Sallau, kada ka buɗe tukunya gaban liman ka ce ka fasa kayan Bature. Bari su gani su tafi. Gobe da safe ka zo ka ce za ka sake dubawa, ka gyara ba wanda ya sani.

Na rufe murfin. Na kama mariƙi.

Ku da ba ku taɓa irin aikin ba, ku saurara. In buji shida suna lafiya, mariƙin pompo tauri zai yi, sai ka sa kafaɗa, ruwan kuma ya fito siriri kamar tsinken tsintsiya. Wannan karon mariƙin ya tafi sakwaf, ruwa ya ɓulɓulo kaurin babban yatsa, ya cika ƙwarya kafin liman ya gama bisimilla. Ruwan ya samu ƙofa, me zai kai shi ratsa bango. Kuma da yake ya kwana a tano laka ta kwanta, a ido fes yake.

Baba Siddo ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ya ɗaga ta wajen haske, ya sha, ya miƙa wa liman. Sannan ya juya ya dubi matatar.

Ya ce, "Da ina da wannan shekara uku da suka wuce."

Nya Ajuma ta juya baya ta ja gefen zane ta goge fuska.

Baba Siddo ya dubi ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce, "A kira mini Sha'ibu."

Kafin magariba kawuna ya iso yana gyara hula. A zaure, gaban liman, Baba Siddo ya ce, "Sau uku ka zo ina juya ka. 'Yan'uwana za su yi fushi, su yi. Yaron da ya tsare mini ruwan gidana ba mutumin hanya ba ne. Na ba shi Bibata."

Aka shafa fatiha. Daga cikin gida na jiyo guɗa. Ni kuwa ina durƙushe, kaina a ƙasa, kowa na zaton kunya ce.

A hanyar komawa na ce wa kawu, "Gobe da sassafe zan shiga in sake duba pompon."

Ya tsaya cak. "Ka shiga ina?"

"Tsakar gida. Ɗan aiki ne ya rage."

"Kanka ɗaya kuwa? Jiya kai mai gyara ne, yau kai suruki ne. Daga yau iyakarka zaure. In ka hango uwar yarinyar nan a hanya ka canza lungu, in ba dama ka tuɓe takalmi ka durƙusa har ta wuce. Ba za ka kalli fuskarta ba, ita ma ba za ta kalli taka ba, kuma sunanka ya fita daga bakinta har abada. Mutanen nan sun fi mu riƙon wannan abu. Ka taka tsakar gidan nan ko sau ɗaya, mutanen Tunuga sun samu abin da suke nema, su ce ga shi tun yanzu ya raina uwa."

"Kawu, minti kaɗan ne."

"Ko ƙiftawar ido ne. Na sha rana sau uku kan maganar nan, kada ka sa in sha ta huɗu."

Kun ga inda na tsinci kaina. Abin da na yi shekara ina roƙo shi ne ya rufe mini ƙofa.

Washegari na je zaure na gaida Baba Siddo, na kewaya na ce kayan ƙarfe sabon ɗauri yana son a sake taɓa shi. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, aikinka ya yi. Da safen nan randa uku suka cika. Je ka huta." Na buɗe baki in faɗa, na ga yadda fuskarsa ta washe, wadda mutanen unguwa suka ce shekara uku ba su gan ta haka ba. Na rufe bakina na yi godiya.

Na yi tunanin in turo wani mai gyara. To wa? Mu uku ne a tasha, kuma duk wanda ya buɗe murfin nan, kafin azahar labari ya tsallaka gada.

Sai na koma kan Zuliha. 'Yar ƙanwar Nya Ajuma ce, bazawara, tana soya kifi a bakin tasha, kuma tun farko ita ce ke ɗaukar saƙo tsakanina da Bibata. Ba ta ragi, sai dai ta ƙara.

Na ce, "Ki ce mata su ci gaba da tafasa ruwan sha kwana biyu, kafin pompon ya saba."

Da azahar ta dawo. "Ta ce in ce maka Baba ya hana. Ya ce tafasa ruwan nan cin fuska ne ga aikin surukinsa. Ta ce kuma in tambaye ka, ƙarfe ma yana sabo ne kamar amarya?"

Na ce, "Ki ce mata ko a tace da tsumma."

Ta dawo. "Ta ce Nya ta wanke tsumman tata ta yi ƙullin daddawa da shi. Ta ce wai me ya sa duk saƙonka na ruwa ne, ko ita ba ka da abin ce mata?"

Zuliha ta juya kifinta a mai ta dube ni ta gefen ido. "Ni ma dai na so in tambaya. Ango, kwana biyu ka rame."

Rana ta uku na je zance. Bayan la'asar ne, an shimfiɗa mini tabarma a gefen ƙofar gida. Bibata ta fito da atamfa shuɗiya sabuwa, an zana mata lalle har idon sawu, ta sa kwalli ya yi mata kyau ƙwarai. A hannunta kofin tangaran ne da murfi. Ta durƙusa ta miƙo.

"Ruwanka ne. Ni na buga da kaina."

Na karɓa na riƙe. Na dubi cikinsa. Fes, ba ko ƙwayar tsaki.

Ta ce, "Sha mana."

"Ban jin ƙishi."

"Tun daga tasha a wannan rana?" Ta ɗan gyara zama ta zuba mini ido. Bibata ta yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu, amma ba can ta koyo wannan kallo ba, na uwarta ne. "Sallau, akwai abin da ke cikin ruwan nan ne?"

Jama'a, ga ƙofa Allah ya buɗe mini. Ba liman, ba kawu, ba kowa, daga ni sai yarinyar da ke sona. Da na faɗa mata, da ita da kanta za ta san yadda za ta yi. Amma na tuna juyin nan ɗaya don wa na yi shi, na ji ba zan iya ce mata kallonki ne ya sa na fasa ba, kuma na ɓoye har aka shafa fatiha. Na ɗaga kofin na shanye tas.

Na ce, "Ba komai a ciki sai daɗi."

Ta karɓi kofin ta rufe. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To." Hirar ranar ba ta yi nisa ba.

Na riƙa lallashin kaina. Manya ne, sun girma da ruwan kogi, ba lalle ba ne a samu cuta. Direban da na aika Kwatano neman sabon buji zai dawo cikin mako biyu, in ce kyauta na kawo, dole a bar ni in sa. Mutum in yana son ya yaudari kansa, hujja ba ta yanke masa.

Rana ta biyar da hantsi ina ƙarƙashin wata kamiyo, na ga ƙafafun Zuliha sun tsaya kusa da kaina.

"Fito ka ba ni goron albishir. Halima ta sauka da asuba. Namiji."

Na fito ina goge hannu na yi barka.

Ta ce, "Baba har ya yi kuka. Ya ce Hama ne ya dawo, sunan da za a sa ke nan. Kai ma an yi maka girma. Ka san jariri ruwa ake ba shi kwana uku kafin nonon uwa ya gyaru. Nya ta ce a tafasa, Baba ya ce a'a, jikansa ba zai fara duniya da ruwan hayaƙi ba, ruwan pompon surukinsa zai sha. Ka ga tun kafin ka shiga gida an..."

Ban ji ƙarshen maganarta ba. Na ɗauki kile da bulon ɗaya da guntun roba na zuba a aljihu na kama hanya. Tana bina tana cewa, "Ina za ka da wannan baƙin mai a jiki?"

Ba gudu na yi ba. Tafiya na yi, kuma duk taku ɗaya na san abin da nake ajiyewa a baya. Na wuce masu saƙar taru, na wuce masallaci. Zaure ba kowa, Baba Siddo ya tafi neman rago. Na tsaya a bakin ƙofar ciki na tuɓe takalmi na riƙe a hannu. Na yi sallama, ban jira amsa ba na shiga.

Tsakar gidan cike take da mata 'yan barka. Da farko wata ta yi dariya, ta zaci ɓatan kai na yi. Sai tsofaffi suka fara jan mayafi suna juya fuska, wata ta ce da Dandanci abin da ban so in fassara muku. A gefe guda tukunyar wankan jego tana tafasa.

Nya Ajuma tana zaune a ƙofar ɗakin Halima, jaririn a cinyarta cikin farin zane, ɗan ƙaramin ludayi a hannunta da ruwa a ciki. Na durƙusa nesa da ita na kafa idona a ƙasa.

Na ce, "Kada a ba shi."

Ba ta amsa mini ba, don ba ta da hanyar yi mini magana. Ta juya gefe ta ce, "Zuliha, tambayi ɗan mutane me ya shigo da shi."

Ban jira Zuliha ba. Ƙasa na gaya wa, amma kowa ya ji. Na ce buji ɗaya ya tsage a wuya. Na ce ruwan da ake sha kwana biyar ruwan kogi ne kai tsaye, bai ratsa komai ba, saurin da yake yi shi ne alamar. Na ce ni na fasa shi da hannuna.

Sannan muryarta, har yanzu wajen Zuliha take fuskanta.

"Tambaye shi yaushe ya sani."

"Tun ranar."

"Tambaye shi, kafin fatiha ko bayanta."

Wannan ita ce tambayar da na yi kwana biyar ina gudu. Ƙarya ɗaya ƙarama za ta iya fitar da ni, ba mai shaida sai Allah. Na ji awarwaro biyu sun taɓa juna a bayana, na san wa ke tsaye a ƙofar madafa.

Na ce, "Kafin."

Na ji ta zubar da ruwan ludayin a ƙasa. Ya gangaro ya tsaya kusa da gwiwata.

Daga cikin ɗaki Halima ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Nya, ai ya sha sau biyu tun da safe."

"Na sani. Ni na ba shi."

Ta miƙa jaririn ga wata tsohuwa, ta ce a ɗebo daga tukunyar da ke kan wuta a fifita, a juye randunan nan uku a bayan gida, a aika a kira Baba Siddo daga kasuwar dabbobi. Duk a natse ta faɗa, kamar mai rabon aikin girki. Sannan na ji ta miƙe. Na ga ƙafafunta sun taho sun tsaya a gabana, kusa, inda bai kamata surukuwa ta tsaya ba.

Ta ce, "Ɗago."

Na ɗago. Ta dube ni ido cikin ido, gaban duk matan unguwa. Ba fushi a fuskarta, da ma shi na gani da ya fi mini sauƙi.

"Sallau," ta ce, "sa takalminka, ka tashi ka yi aikinka."

Wata tsohuwa ta ja numfashi. Zuliha ta dafe baki. Ni kuwa na sa takalmin, don ba suruki ta yi wa magana ba, mai gyara ta yi wa.

Na buɗe murfin. Bujin ya biyo hannuna gida biyu. Na toshe gurbin, na ɗaure da yatsa, na ƙara kaɗan da kile na bari. Bai ɗauke ni komai ba, abin da na faɗa muku ne, ko shayi ba a dafa ba. Na waiga in nemi mai buga mini mariƙi in duba yoyo, sai na ga Bibata ta riga ta kama shi. Ta cire awarwaronta ta ajiye kan dakali. Mariƙin ya yi tauri, ta sa kafaɗa, ta tura, ta dawo. An daɗe kafin ruwa ya fito, siriri kamar tsinke.

Ta ci gaba da bugawa, idonta na kan ƙwarya.

Ta ce, "Na tambaye ka, sai ka shanye kofin a gabana."

Na sunkuya ina duba mahaɗa ko akwai yoyo.

Daga zaure na ji gyaran muryar Baba Siddo, da kukan ragon da ya jawo, da muryar mace tana yi masa bayani da sauri-sauri. Ragon ya ci gaba da kuka.

Bibata ta saki mariƙin ta ɗauki ƙwaryar da ko rabi ba ta yi ba.

"Kada ka fita ta baya," ta ce. "Ta zaure ka shigo, ta nan za ka fita ka fuskanci Baba."